Gida mai zaman kansa ko tagwayen gida a Legas: me ƙarin miliyoyin ke saya wa mutum?

Shin gidan da ke tsaye shi kaɗai a cikin katangarsa ya cancanci ƙarin miliyoyin da ake ɗora masa a kan gidan da ya haɗa bango da na maƙwabci? Duk wanda ya taɓa bin dillali kallon gidaje a Ajah, Magodo ko Ogba ya ga abin da idonsa: ɗakuna huɗu nan, ɗakuna huɗu can, tayil iri ɗaya, layi ɗaya, amma farashin ɗayan ya ɗara na ɗayan nesa ba kusa ba, don kawai an ce wannan bai jingina da kowa ba. A da mai hali ba ya tsayawa dogon lissafi, mai tsadar yake nunawa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar naira ta zube, buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, tazarar da ke tsakanin gidajen biyu ta kai jarin wani ɗan kasuwar gaba ɗaya. Shi ya sa muhawarar ba ta ƙarewa a majalisun mutanenmu na Agege, Mil 12, Idi-Araba da Obalende. Wasu na ganin haɗa bango da wani rashin sirri ne, wasu na cewa biyan ƙarin sayen iska ne kawai.

Kowane ɓangare yana da abin kamawa, sai dai duka biyun gini suke kallo su manta da abin da ginin ke zaune a kai. A Legas ƙasa ce mai tsada. Gida mai zaman kansa ya cancanci ƙarin kuɗi idan ƙarin ƙasa ake sayar maka, da takardar da ta ware ta da sunanka, da ikon yin yadda ka ga dama da ita gobe. Da yawa daga sababbin gidajen da ake tallatawa da wannan suna ba su cika ko ɗaya daga cikin ukun ba.

Gidajen da ake magana a kansu

Gida mai zaman kansa, wanda dillalai ke kira ditach, shi ne wanda bangonsa huɗu duk nasa ne, mutum zai iya zagaya shi da ƙafa ya dawo inda ya fara bai taka harabar kowa ba. Tagwayen gida, wato semi, gini ɗaya ne aka tsaga biyu da bango a tsakiya: harsashi ɗaya, galibi rufi ɗaya, amma ƙofa daban, mitar wuta daban, mai gida daban. Na uku shi ne teras, gidaje huɗu ko shida a jere, na tsakiya ba su da taga sai ta gaba da ta baya. Dufuleks da ake liƙa wa dukkansu hawa biyu kawai yake nufi a bakin 'yan Najeriya, falo da kicin a ƙasa, ɗakunan kwana a sama.

Tagwayen gida ba baƙo ba ne a Legas. Akwai su a Festac da gwamnatin tarayya ta gina saboda bikin al'adu na 1977, akwai su a rukunin gidaje na Dolphin da ke maƙwabtaka da Obalende. Abin da ya sauya shi ne girman filin da ake ɗora su a kai. Legas ce jiha mafi ƙanƙantar ƙasa a Najeriya, kuma wani babban kaso nata ruwa ne da fadama. Tsofaffin gidajen Ikoyi da na Ikeja GRA, waɗanda gida ɗaya ke zaune a tsakiyar makeken fili da itatuwa, ana ta saye su ana rushewa a jera gidaje takwas ko goma a gurbinsu. Wanda ya saya bai sayi gini ba, don kashegari katafila ke bi ta kansa.

Lissafin fuloti

Cikakken fulotin Legas ƙafa 60 ne da 120, kusan mita 18 da 36, murabba'in mita 648. Ya ɗara wanda aka saba da shi a Kano ko Kaduna, mai ƙafa 50 da 100. Ƙa'idar gama-gari ta tsara birane a jihar ita ce gidan zama ya ja baya mita 6 daga iyakar gaba, mita 3 ta baya, mita 3 a kowane gefe, ko da yake akwai sassauci ga ƙananan filaye da tsofaffin unguwanni masu cunkoso.

A cikakken fuloti, idan ka cire mita 3 dama, mita 3 hagu, saura faɗin mita 12. Gida ne na gani na faɗa, da wurin ajiye motoci, da boskwata a baya. Yanzu a tsaga fulotin biyu a tsaye, kowane rabi faɗinsa mita 9. Wanda zai gina gida mai zaman kansa a rabin, ya bar mita 3 kowane gefe, saura masa mita 3, faɗin ɗaki ɗaya ke nan. Amma idan gidajen biyu suka jingina da juna a tsakiya, kowanne ya bar mita 3 ta gefensa na waje, kowa ya samu faɗin mita 6 kuma doka ba ta da abin cewa. Dalilin samuwar tagwayen gida ke nan: hanya ce ta halal ta zaunar da iyali biyu a fuloti ɗaya.

To, ina aka samo gidaje masu zaman kansu guda uku ko huɗu da ake gani a fuloti ɗaya a Lekki, Ikota da Sangotedo? Daga cin tazarar gefe. Magini ya gina faɗin mita 7 a fili mai mita 9, ya bar mita ɗaya nan, mita ɗaya can, ya ja siririyar katanga, ya ɗora farashin ditach. Gwajin ba shi da wuya. Ka shiga lungun da ke tsakanin bangon gida da katanga ka ware hannuwanka biyu. Babban mutum idan ya ware hannu bai cika wuce mita 1.8 ba. Idan tafinka ɗaya na kan bango ɗayan na kan katanga, wajen rabin abin da ƙa'ida ta nema ke nan. Idan kuwa sai ka karkace kafaɗa kafin ka wuce tankin ruwa, ba sai an faɗa maka ba.

Ina ƙarin kuɗin yake shiga?

A ɓangaren gini, bambancin bai wuce bango ɗaya da abin da ke biye da shi ba. A ce tsawon gidan mita 15 ne, tsayin hawa biyu mita 6, bangon ya tashi murabba'in mita 90. Bulo mai inci 9 guda 10 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya, wato bulo 900. Ƙara siminti da yashi, rodin ginshiƙai, filastar waje, fenti, tagogi huɗu ko biyar da ƙarafunansu, ɗan ƙarin harsashi da kwano, da katangar gefe ɗaya. Kuɗi ne, amma bai kama ƙafar tazarar da dillali ke faɗa ba. Ragowar ko dai kuɗin ƙasa ne, ko kuɗin suna.

Ga yadda ake rarrabewa, da alƙaluman misali kawai, kowa ya sa na unguwar da yake nema. A ce tagwayen gida a kan murabba'in mita 250 an yi masa kuɗi naira miliyan 150. Kusa da shi akwai mai zaman kansa a kan murabba'in mita 300, miliyan 200. Ƙarin miliyan 50 ya sayo maka ƙarin ƙasa murabba'in mita 50, wato kowace mita miliyan ɗaya. Sai ka tambayi nawa ake sayar da fili tsura a unguwar. Idan naira 400,000 ne kowace mita, ƙarin ƙasar miliyan 20 ce. Ka ware wa bango da tagogi abin da ya dace, za ka ga sama da miliyan 20 ba su sayi komai ba. A layin baya kuma ga wani mai zaman kansa a kan murabba'in mita 450, miliyan 230. Ƙarin miliyan 80 a kan ƙarin mita 200, daidai da 400,000 kowace mita, bangon ma kyauta ya zo. Wanda ya fi su tsada a baki shi ne ya fi na tsakiyan araha.

Tambayar farko ke nan da ya kamata a yi wa dillali, kafin adadin ɗakuna: murabba'in mita nawa ne, kuma ina takardar safiyo da ta nuna haka? Idan ya ce, “Alhaji, ai wannan ba ka haɗa komai da kowa ba,” bai amsa ba.

Ƙarin farashi kuma ba ya tafiya shi kaɗai. La'adar dillali, wadda aka saba kashi 5 cikin 100 a cinikin saye, kaso ce ta farashi. Kuɗin lauya ma haka, ko da yake ana daidaitawa. Kuɗin amincewar gwamna da hatimi da rajista, waɗanda jihar ta rage jimillarsu daga kashi 13 zuwa kashi 3 a 2015, da ƙimar kadara ake lissafa su. Harajin ƙasa da gini na shekara-shekara shi ma ƙimar fili da ginin yake bi. Wanda zai ci bashin banki kuwa, a ruwan da ya haura kashi 20, ƙarin miliyan 50 na nufin miliyan 10 ko fiye duk shekara kafin a taɓa uwar kuɗi. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa su ma ribarsu girman kuɗin take bi.

Bangon tsakiya

Masu gudun tagwayen gida ba su yi ƙarya ba, duk fitinarsa a bangon tsakiya take, kuma yawancinta ana iya gano ta kafin a biya.

Ƙara ce ta farko. Maginin da ke son rage kashewa yakan ɗora bulo ɗaya mai rami, wani lokacin ma mai inci 6, ya shafe shi da filasta. Irin wannan bango tari ma yana ratsa shi. Abin da ya dace shi ne bulo mai inci 9 da aka cike raminsa da kankare, ko bango biyu da 'yar tazara a tsakani. Ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa: mai rami yana amsawa kamar ganga, cikakke kuwa shiru yake. Ka auna kaurinsa ta wajen baranda inda bakin bangon ya fito. Ka duba soket ɗin da ke jikinsa, don idan an fafe bangon ta ɓangarori biyu a wuri guda an zuba akwatunan wuta baya da baya, abin da ya rage tsakaninku bai fi kaurin yatsu biyu ba. Tsarin ɗakuna ma yana magana. Mai zanen da ya san aikinsa yakan jera matakala, sito da banɗakuna a jikin bangon tsakiya, ya kai ɗakunan kwana gefen waje. Inda kan gadon mai gida ke jingine da bangon da talabijin ɗin maƙwabci ke rataye a bayansa, babu filastar da za ta yi magani. Akwai kuma ƙarar da ke bin kankaren bene, tunda sau ɗaya ake zuba kankaren benen gidajen biyu: daka a turmi, jan kujera, tsalle-tsallen yara a sama, duk ta cikin kankaren suke tafiya. Hanya mafi sauƙi ita ce a je da mutum biyu, ɗaya ya shiga ɗayan gidan idan babu kowa, ya yi magana da ƙarfi, ya buga ƙafa a bene, ya ja ruwan masai.

Ta biyu ta fi haɗari kuma ba a ganinta daga falo. Ka sa a kawo tsani, a buɗe ƙofar silin, a leƙa da tocila. Bangon tsakiya ya kamata ya zarce silin ya tokari kwano, ko ya fito samansa. A gidaje da yawa yana tsayawa ne daidai silin, sai ka ga sararin rufin gidajen biyu a buɗe yake, katako ɗaya ya ratsa daga wannan zuwa wancan. Gobarar da ta tashi a kicin ɗin maƙwabci ta nan za ta biyo, haka ɓera da gara, haka ɓarawon da ya shiga gidan da babu kowa.

Ta uku ruwa ne. Salon da ake yayi yanzu shi ne a ɓoye kwano a bayan bango, ruwan sama ya taru a magudanar kankare kafin ya sauka ta bututu. Idan magudanar ta bi ta kan bangon tsakiya, ganye ko leda ta toshe bututun, ruwa ya kwanta ya tsattsafo, fentin ɗakunan gidajen biyu ya kumbura. Daga nan sai gardamar wa zai biya. Haka sokawe: da yawa rami ɗaya ne a harabar ɗaya daga cikinsu, gida mai mutum huɗu da gida mai mutum goma sha biyu suna raba kuɗin motar kwashewa daidai wa daida. Haka rijiyar burtsatse da injin tace ruwa, wanda a yankin Lekki ba a iya yi sai da shi saboda ƙarfen da ke cikin ruwan.

Ta huɗu harsashi. A Ikeja, Agege da yawancin tudun Magodo ƙasa jar ce mai tauri. Daga Lekki zuwa Ajah da bayanta yashi ne da fadamar da aka cike, inda ake buƙatar gwajin ƙasa da harsashin faifan kankare ko turaku masu zurfi. Tagwaye a kan faifai ɗaya suke. Idan maƙwabci ya ƙara ɗaki a sama, ko ya ɗora manyan tankuna a rufi, alhali lita 1,000 ta ruwa tan ɗaya ce, nauyi ya rinjayi gefe guda, tsagar da za ta fito a karkace daga kusurwar taga ba za ta tsaya a iyakarsa ba. Wannan ne ma ainihin abin da mai tagwayen gida ya rasa: ba zai iya rushe nasa ya sake gini, ko ya ƙara hawa, ko ya miƙa filin ga mai gina benaye su raba riba ba, sai da yardar wanda ke bayan bango.

Lungun mita ɗaya ma yana da nasa

Kada a ɗauka rabuwa da bango ta kawar da waɗannan duka. Gidan da ke da tazarar mita ɗaya daga katanga, na kusa da shi ma haka, tagarsa tana kallon tagar maƙwabci a nisan mita biyu. Labule ba ya buɗuwa, wasu ma gilas mai duhu suke sawa, sirrin da aka biya kuɗi dominsa bai samu ba. Rana ba ta sauka lungun, ga damshin Legas, gindin bango kullum a jiƙe, gansakuka a waje, fumfuna a bayan wadirof. Injinan na'urar sanyaya ɗaki na gidajen biyu a lungun suke huci, kowanne na shaƙar zafin ɗan'uwansa, wuta ta ƙara tafiya, a lokacin da masu rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wutar lantarki, suka ga kuɗin yunit ya koma naira 225 a watan Afrilun 2024. Janareta ma nan ake cusa shi, hayaƙinsa a ƙarƙashin tagar ɗakin wani, kuma hayaƙin janareta yana kisa cikin barci. Ranar da za a yi fenti ko gyaran bututu, babu inda za a kafa katakon hawa. Wuta kuwa taga zuwa taga take tsallakawa.

Tagwayen gida mai cikakkun mita 3 a gefensa ya fi irin wannan iska, haske da wurin shanya. Wannan ita ce gaskiyar da tallan ba ya faɗa.

Takarda ta fi bango

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sayar da shi ga wani bai kammala a idon doka ba sai da amincewar gwamna. A sababbin rukunan gidaje, magini yakan riƙe takarda ɗaya ta filin gaba ɗaya, ya ba kowane mai saye takardar miƙa mallaka. Abin dubawa shi ne ko an yanke maka kasonka da safiyo na kanka mai lambobin iyaka, wanda za ka iya kaiwa Alausa, sakatariyar gwamnatin jihar, a yi masa rajista da sunanka. A tagwayen gida layin iyakar ta tsakiyar bangon ya kamata ya bi. A wasu gidajen da ake kira masu zaman kansu kuwa, ginin kawai aka sayar maka, harabar da hanyar shiga na kowa da kowa ne a ƙarƙashin kamfanin da ke karɓar kuɗin hidima duk shekara. Mai irin wannan ba zai iya canza ko launin fenti ba sai da izini, balle ya rushe. Ya biya farashin 'yanci bai karɓi kayan ba.

Sai taswirar gini da hukumar ba da izinin gini ta jihar, LASPPPA, ta amince da ita. Ka ƙirga gidajen da ke cikin taswirar, ka ƙirga waɗanda ke tsaye a ƙasa. Idan biyu aka amince aka gina huɗu, dukkansu a kan saɓa ƙa'ida suke, kuma mai saye ne zai gaji matsalar. Ka nemi takardar kammala gini da dacewarsa da zama, wadda hukumar sa ido kan gine-gine ta jihar, LASBCA, ke bayarwa. Jihar ta buɗe ƙofar afuwa a 2024 don masu gini ba izini su gyara takardunsu, abin da ke nuna yawan irin waɗannan gidaje. Lauyanka, ba lauyan mai sayarwa ba, shi zai yi bincike a ofishin rajistar filaye, safiyo kuma ya kai lambobin filin ofishin babban safiyon jiha a tabbatar ba ya cikin ƙasar da gwamnati ta keɓe, ko hanyar ruwa, ko hanyar da za a yi nan gaba. Rusau ɗin da aka yi a gefen magudanar Ikota a watan Oktoban 2023, da wanda ya biyo aikin titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba a 2024, bai tambayi wane ne manne wane ne a ware ba.

In da hali, a je kallon gida a watan Yuni ko Yuli, washegarin ruwa mai ƙarfi. Zanen laka a gindin katanga yana nuna inda ruwa ya kai. Mai gida mai zaman kansa zai iya ɗaga harabarsa yadda yake so. A tagwaye, idan ɗaya ya ɗaga ɗayan bai ɗaga ba, ruwan duka wajen na ƙasan zai gangara.

Yadda gidan Bahaushe yake rayuwa

Akwai abin da lissafin mita ba ya kamawa. Gidan ɗan Arewa a Legas masauki ne. Ƙani ya zo neman biza, kawu ya zo asibiti, yaran shago, direban da ya kawo kaya daga Kano zai kwana biyu. Ana buƙatar inda baƙi maza za su sauka ba su ratsa cikin iyali ba, wato boskwata mai ƙofarta daban ko ɗakin da zai tsaya a matsayin zaure. Ana buƙatar inda za a ɗaure ragon layya kwana uku, a yanka, a wanke jini ya bi kwata ba ta ƙofar wani ba. Ranar suna ana kafa tukwane a kan murhu a waje. Mai irin wannan gida, fili a wajensa ba ado ba ne, kuma idan ya samu mai zaman kansa a kan murabba'in mita 450 zuwa sama, kuɗinsa bai tafi a banza ba.

Sai dai a nan ma dokar rukunin gidajen ta fi siffar ginin tasiri. Wasu rukunan sun hana ajiye dabba da yanka, sun ƙayyade taro da yawan masu kwana, ko gidanka a ware yake ko a manne. A karanta kundin dokokin kafin a biya kafin alƙalami. Tsohon tagwayen gida a Festac ko Surulere, mai ƙofarsa a bakin titi, zai iya ba iyali sakewar da sabon ditach a cikin rukuni mai mai gadi ba zai bayar ba.

Batun gado ma ya shigo. Cikakken fuloti ana iya rushe shi a gina fulat shida, magada su raba ko su riƙa raba haya. Gida a kan murabba'in mita 250, manne ko a ware, sai dai a sayar a raba kuɗi. Akwai kuma zaɓin da ba a cika kawowa ba: sayen tagwayen duka biyu. Mai iyali biyu kowace ta samu ƙofarta da kicin ɗinta. 'Yan'uwa biyu su haɗa hannu. Ko a zauna a ɗaya a ba da ɗaya haya, kai ka zaɓi wanda zai zauna bayan bangonka, fulotin kuma ya dawo cikakke a hannu ɗaya.

Haya, sake sayarwa da nisa

Wanda zai saya don haya, tagwaye sun fi masa. Ɗan haya ɗakuna, unguwa, wuta da tsaro yake biya, ƙarin da zai yarda ya bayar don gida a ware yake bai kai kason ƙarin da mai saye ya biya ba. Wajen sake sayarwa ma masu iya sayen mai rahusa sun fi yawa, ciniki ya fi saurin faɗawa. Amma bayan shekara 20 ko 30, lokacin da ginin ya tsufa salon ya wuce, mai fili babba ne masu gina benaye za su yi wa layi.

Sau da yawa kuma zaɓin gaskiya ba tsakanin gidaje biyu a layi ɗaya yake ba. Kuɗin da zai sayi tagwaye a Ogba ko Gbagada shi ne zai sayi mai zaman kansa a can bayan Sangotedo ko cikin Ikorodu. Mai harka a mayankar Oko-Oba, ko kasuwar Mil 12, ko tashar Apapa, ya lissafa awannin da zai riƙa ƙonewa a cunkoson titin Lekki zuwa Epe da kuɗin mai na shekara goma. Jirgin ƙasa na jan layi da ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024 yana tsayawa a Agege da Ikeja a hanyarsa ta zuwa Oyingbo, abin da ya ƙara wa ƙaramin gida a wannan gefen daraja.

Idan tagwayen aka zaɓa

Tun kafin a biya, lauya ya rubuta yarjejeniya tsakanin masu gidajen biyu, a jingina ta da takardar mallaka yadda za ta hau kan duk wanda ya saya daga baya. A faɗi cewa bangon tsakiya na su biyu ne, babu mai fafe shi ko ɗora masa nauyi sai da rubutacciyar yardar ɗayan da rahoton injiniya. A faɗi yadda za a raba kuɗin gyaran rufi da magudanar sama, da wanda zai kira mai gyara idan ɗayan ya yi tafiya. Sokawe da rijiya, in akwai wuri, kowa ya haƙa nasa tun yanzu, ya fi arha a kan shekarun gardama. A ƙayyade inda janareta zai zauna, nesa da tagogin ɗakunan kwana. A yi magana a kan mayar da gida makaranta, wurin ibada ko masaukin baƙi na 'yan kwanaki, don wanda ka tarar yau ba lallai shi ne maƙwabcinka baɗi ba.

A ƙara da sharaɗin cewa duk wanda zai sayar ya fara yi wa ɗan'uwansa tayi, da adadin kwanakin da zai jira amsa. Wasu na ɗauka shuf'a, wato haƙƙin fifiko wajen sayen kadara, ta riga ta ba su wannan, amma a fiƙihun Malikiyya shuf'a haƙƙin abokin tarayya ce a kadarar da ba a raba ba, maƙwabci ba shi da ita, kuma rigimar fili a Legas babbar kotun jiha ake kai ta, inda abin da aka rubuta aka sa wa hannu shi alƙali zai duba.